Mala da Kusoshin Injin Gafasa

A Gaya ba a cewa Mala Makanike sai an ƙara da "mai magagari". Gajere ne kakkaura, mai zanen Barebari a kumatu, kuma duk inda ya shiga akwai ɗan guntun magagari a aljihun taguwarsa. In ya ga ƙarfe a yashe a hanya sai ya tsuguna ya goga masa sau biyu, ya kasa kunne, ya duba abin da ya zubo, sannan ya wuce. Matarsa Kellu ta ce ko ranar da aka kai ta ɗakinsa sai da ya goga wa ƙafar gadonta.

Kakanninsa fataken kanwa ne daga Barno, sun sauka a Gaya tun ba a san mota ba, suka yi gona suka zauna. Mahaifinsa, Goni, ya so ya gaje shi a karatu. Mala ya sauke, ya yi abin da aka ce, amma a shekarar 1961 ya bi wata motar gyaɗa zuwa Kano, bai dawo ba sai bayan shekara shida. A Sabon Gari ya koyi aiki wurin wani mutumin Gabas da ake kira Oga Silbanus, wanda ba ya taɓa injin da ke shan ruwa. Aikinsa injinan da iska ke sanyayawa ne: babura, da ƙananan motocin nan masu inji a baya, da injinan niƙa. Irin wannan inji zafinsa ya fi na mai ruwa, kuma a nan Mala ya koyi abin da ya riƙe shi har girma. Kan injin, wato murfin da ke rufe fistin, na alminiyam ne, in ya ɗau zafi kumbura yake yi. Dogayen kusoshin da suka ɗaure shi da gangar injin dole su miƙe tare da shi, in ya huce su koma yadda suke. Kusar da ta yi laushi za ta miƙe ta ƙi komawa, kan ya saki. Wadda ta yi tauri za ta ƙi miƙewa, ta karye.

A ƙarshen damina ta 1966 Oga Silbanus ya tafi, a cikin kwanakin nan da har yanzu mutane ke rage murya in za su ambace su. Bai ɗauki komai ba sai iyalinsa. Ya miƙa wa Mala akwatin dayis, ƙarafan da ake yanka wa kusa haƙori da su, ya ce ya riƙe masa. Bayan yaƙi Mala ya sa an rubuta masa wasiƙa sau biyu zuwa garin da ya taɓa jin yana ambata. Ba amsa. Tun kafin nan ya riga ya dawo Gaya da akwatin, ya kafa rumfa a gindin tsamiyar bayan tasha, ya auri Kellu, ya zama shi ne likitan injinan niƙa daga Kademi har Balan.

Sai ga farin 1973. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta kankama rijiyoyi sun koma laka, kuma wanda ya bi hanyar Ajingi a watannin nan ya ga abin da ba ya son sake gani: shanu kwance a gefen hanya, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo. A wajen Gafasa akwai rijiyar burtsatse guda da ma'aikata ta haƙa, da injin gas mai silinda ɗaya yana jan ruwa zuwa kwamin siminti. Rugage bakwai ke shayarwa a wurin. Ran wata Asabar mai kula da injin ya ga kan yana hurar hayaƙi, ya ɗauko sifana ya matse notunan da zafinsu, iya ƙarfinsa. Biyu daga cikin kusoshi huɗu da ke riƙe kan suka tsinke, sauran biyun suka lanƙwashe. Aka aika Kano, aka dawo da cewa sai an yo odarsu daga Turai.

Ran Litinin da hantsi wani dogon Bafulatani ya jingina sandarsa da tsamiyar Mala. Tukur ke nan, ardon ɗaya daga cikin rugagen, tsohon abokin wasan Mala, don Fulani da Barebari ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Bawana, tashi ka gaida ubangijinka," in ji Tukur.

"Kai, wa ya sake min wannan bawa ba igiya? Kellu! Kawo wa Bafulatanin nan ruwa a kwanon kaza."

Tukur ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya shanye ruwan, ya riƙe kwanon yana kallon cikinsa. Sannan ya ba da labarin injin. Ya ce yanzu da guga suke jan abin da ya saura a tsohuwar rijiya, maza da mata, daga asuba zuwa faɗuwar rana, kuma ba ya isar rabin garke. In ruwa bai zo ba zuwa safiyar Alhamis, zai kora su kudu neman kogi.

"Kwana nawa ne?"

"Ga saniya mai ƙafa, biyar."

"Naka fa?"

Tukur bai faɗi yawansu ba, Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a bainar jama'a. Cewa ya yi, "Masu iya kwana biyu a hanya ba su kai rabi ba."

Mala ya goge hannunsa da tsumma. "Ka ɗaure kayanka in kana so, amma kada ka ɗora. Kafin Alhamis za su sha."

Da azahar ya riga ya je Gafasa a babur ɗinsa ya kwance injin, ya dawo da kusa ɗaya ta gwaji. Tsawonta kamu guda, kaurin ɗan yatsa, haƙori a kai biyu. Ya shiga juji na ƙarafa da ke bayan rumfarsa da magagari a hannu, Kellu na tsaye da kwanon tuwon da ya ƙi ci.

"Ga rodi nan tari guda, daidai kaurin abin," ta ce. "Ka yanka huɗu ka huta mana."

"Rodin gini? Saurara." Ya goga masa magagari, garin ƙarfe ya zubo kamar tsaki. "Wannan in ya ji wuta sau ɗaya zai miƙe kamar ƙullin alkaki, ba zai dawo ba."

Ya ɗauko fallen sifirin na babbar mota, ya goga. Magagarin ya zame yana ƙara, ko gezau. Ya jefar. Ya gwada sandar birki, ya ga tsatsa ta cinye ta ciki. Can ƙasa ya jawo wani karyayyen shaf, sandar nan da ke juya tayar baya ta babbar mota, kaurin dantse. Magagarin ya ci shi, amma da ƙyar, da wata ƙara mai kauri. Mala ya yi murmushi. Ƙarfen da ya shekara goma yana murɗuwa da lodin gyaɗa yana komawa daidai, shi ne ƙarfen da yake nema.

"To wannan gungumen ta ina zai shiga ramin yatsa?" in ji Kellu.

"Wannan kuma aikin Baba Datti ne."

Datti shi ne babban maƙerin Ajingi, dattijo mai furfura har a gira, wanda garmarsa ke shekara biyar ba ta dakushe ba. Ba ya son injina, yana cewa tun da suka zo mata suka manta daka, amma yana son aiki mai wuya. Ya juya shaf ɗin a hannu, ya dubi kusar gwaji, ya ce, "Guda nawa?"

"Huɗu, Baba. Amma in an gama miƙa su, a toka za a binne su, su huce a hankali."

"Na ji."

Yinin Talata cur suka yi a maƙera. Datti na riƙe da awartaki yana nuna wurin bugu da ƙaramar guduma, Mala da ƙanin Datti suna sauke masaba bi da bi, zuga-zugi na huci a kan gawayin ƙirya. Gungumen ya yi ta sirancewa yana tsawo. Kafin la'asar sakaliya sanduna huɗu sun fito, miƙaƙƙu, aka tura su cikin toka mai ɗumi, ragowar shaf ɗin kuma aka jefa shi gefe. Laraba da sassafe Mala ya tono su, ya daidaita kaurinsu da magagari, ya ɗaure su a bayis, ƙarfen nan da ke damƙe abin aiki, ya yanka musu haƙori da dayis, yana ɗiga man gyaɗa yana juyawa gaba da baya. Noti ya hau kowacce lafiya lau.

Saura ya goge kan injin ya yanka sabon gaskit na jan ƙarfe, shimfiɗar da ake sa wa tsakanin kan da gangar injin, aikin da sai a gindin injin. Datti ya ce ya bar kusoshin a gyara musu fuska, don ba a fitar da aiki daga maƙerarsa da baƙin wuta a jiki. Tukur, da ya zo ganin inda aka kwana, zai kai masa su. Mala ya hau babur ya tafi.

Bayan azahar Tukur ya iso Gafasa da su a naɗe cikin tsumma, sai ƙyalli suke, an goge su da yashi an shafe da mai. Mala ya ɗaura, ya sauke kan, ya matse notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan. Mai kula da injin ya juya hannun tayar da shi. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ruwa ya fara zuwa ja, sannan ya washe, shanu suka taso da kansu ba wanda ya kira su. Mata suka yi guɗa. Tukur ya ɗaga sanda yana cewa a shaida, daga yau ya 'yanta Babarbaren nan.

Ba a yi rabin sa'a ba aka ji tas, kamar an harba bindigar toka. Noti ɗaya ya tashi sama da guntun kusa a cikinsa ya faɗa bayan kwami, hayaƙi ya feso ta gefen kan. Mala ya daka tsalle ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar harsunan shanu suna lasar ƙasan kwami.

Ya tsinto guntun, yana jujjuya shi a tafin hannu saboda zafi. Bakin karayar fari ne, yana walƙiya kamar gishiri. Ya zaro magagari ya goga wa kusar. Magagarin ya zame.

"Ardo, da ka je karɓo su, me ka ga Baba yana yi?"

"Gyara su yake. Ya mayar da su wuta suka yi ja, ya tsoma a kaskon ruwa, suka yi cuu. Ya ce yanzu ne suka zama ƙarfe."

Mala ya rufe ido ɗan lokaci. Bai yi zagi ba. Ya kwance sauran ukun da ragowar ta huɗun, ya gode Allah da ta karye a sama ba a cikin gangar injin ba, ya duba kan ya ga bai tsage ba. Tukur na tsaye a kansa.

"Gobe Alhamis, Mala."

"Na sani. Hau mu tafi."

Sun tarar da Datti yana wasa lauje. Mala ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi kamar ba abin da ya faru, sannan ya ajiye guntun a gabansa. Datti ya ɗauka ya duba, fuskarsa ta canza.

"Ƙarfenka ne ba shi da kyau."

"Ƙarfen lafiyarsa lau, Baba. Ruwan ne."

"Ruwan?" Datti ya ajiye laujen. "Ni za ka koya wa ruwa? Tun kana goye nake tsoma ƙarfe. A gidan nan ko allurar ɗinkin buhu ba ta fita sai ta shiga kasko. Tokar ka ce, na yi maka toka don ka samu ka yanka haƙorinka. Da ka gama sai in sake su haka, ɗanye, a ce aikin Datti ne?"

"Laifina ne da ban faɗa ba, Baba. Na ce toka, ban ce kada a ƙara komai ba."

Wannan ya ɗan sassauta dattijon, amma bai sauko ba. Ya ce garma tauri take so, gatari tauri yake so, wuƙa haka, to wane irin ƙarfe ne kuma zai ce shi laushi yake so?

"Ba laushi ba, Baba. Garma yanka take yi. Wannan riƙo take yi, kuma abin da take riƙewa kumbura yake in ya ji zafi."

"Ƙarfe ne zai kumbura? Ciki gare shi?"

Tukur, wanda tun ɗazu yake tsugune a bakin ƙofa yana kallon rana tana sauka, ya ce, "Baba, ni ban san ƙarfe ba. Amma saniyar da ta karye, in muka ɗaure mata ƙafa da kara, ba ma sa busasshiyar fata. Ƙafar za ta kumbura cikin kwana guda. Igiyar rama muke sa wa, mai ɗan bayarwa."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Da Babarbare da Bafulatani sun haɗu a kan maƙeri, lalle duniya ta zo ƙarshe."

Mala ya miƙe. Ya ɗaure ragowar karyayyar kusar a bayis, ya ɗaure wani ɗan guntu da ya yanke da safe daga sandunan da suka kwana a toka kusa da ita, ya miƙa wa Datti guduma da hannu biyu. Datti ya harare shi, ya karɓa. Ya bugi ta farko, ta ɓalle ta tashi ta daki bango. Ya bugi na biyun, ya ɗan karkata. Ya sake bugu da ƙarfi, ya ƙara karkata kaɗan, ya tsaya. Dattijon ya daɗe yana shafa wurin lanƙwasar da babban yatsa.

"Ukun nan sun mutu ke nan?"

"A'a. In suka koma wuta suka yi ja, aka binne su, za su dawo. Ta huɗun ce sai sabuwa."

Datti ya juya ya ƙwala wa ƙaninsa kira ya zo ya kama zuga-zugi. Da ƙafarsa ya tura kaskon ruwan har bayan ƙofa, ya kife masa faifai. Kafin a kira magariba an miƙa sabuwar sanda daga ragowar shaf ɗin, duka huɗun suna kwance a toka, Datti da kansa ya ɗora tubali a kai ya ce duk wanda ya taɓa sai ya saɓa masa.

Safiyar Alhamis rugar Tukur ta tashi da kaya a ɗaure. An kwance bukkoki biyu, an jera ƙore a raga, jakuna na tsaye. Matarsa Hindatu ta ce a kama hanya tun da sanyi, don kowace sa'a da aka ƙara rana ce za ta ci raunanan. Gaskiya ta faɗa, Tukur ya san haka. Da hantsi Mala ya iso da kusoshin, baƙaƙe, marasa ƙyalli, ya riga ya yanka wa sabuwar haƙori, ya sake bi ta kan haƙoran sauran da dayis ya ɗaura. Injin ya kama, ruwa ya zo. Wannan karon ba wadda ta yi guɗa.

"To?" in ji Tukur.

"Ban ce komai ba tukuna. Jiya ma ai ya kama. Sai ya yi zafi sosai, na kashe shi ya huce, na sake matsewa, ya sake ɗaukar zafi. Sannan zan ce."

"Zuwa yaushe?"

"La'asar."

"In na kai la'asar na rasa yinin yau. In ya sake karyewa, gobe waɗanda za su iya tashi sun ragu."

"Haka ne," in ji Mala. "Amma ba zai karye ba."

Tukur ya dube shi, ya dubi Hindatu, ya dubi shanun da ke turereniya a kwami. Ya kafa sandarsa a ƙasa ya zauna a inuwar ɗakin injin.

Rana ta take. Kwanon ɗakin ya yi zafin da ba a iya taɓawa, injin na ta bugawa, Mala na tsugune gefensa yana tofa yawu a kan fiffiken silinda yana kallon yadda yake ƙonewa. Rabin sa'ar jiya ta wuce. Sa'a guda, biyu. Garken Tukur ya sha ya koma gefe, na ruga ta biyu ya shigo. Da azahar Mala ya kashe injin, suka yi salla, suka jira har ya iya ɗora tafin hannu a kan. Ya sa sifana. Kowane noti ya ɗan motsa kamar faɗin farce, ya tsaya cak. Da rodi ne da sun juya sun juya. Ya sa aka sake tayarwa.

Wajen la'asar sai ga Datti a kan jaki, ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Ya sauka ya zagaya injin sau biyu, hannuwa a baya, ya leƙa notunan huɗu, ya ce aikin dai ba kyan gani. Mala ya ce haka ne, Baba. Sannan ya miƙe, ya kira mai kula da injin ya nuna masa da yatsa: ba a matse shi da zafi, ko hayaƙi ya gani ya kashe ya aika Gaya. Ya juya wajen Tukur.

"Bawana, je ka kwance kayanka."

Tukur bai rama ba. Ya tashi a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗaga murya ya yi wa Hindatu magana da Fulatanci. Ta tsaya jim, sannan ta sunkuya ta fara warware igiyar ragar ƙore. Tukur ya rasa shanu bayan wannan, tsofaffi da waɗanda yunwa ta riga ta gama da su, amma garken ya ga ruwan sama na farko a Gafasa.